Ra'ayinmu: Ɗakin Karatu na Jama'a Amana Ce a Wuyan Gwamnatin Jiha

A duk lokacin da shekara ta karkata zuwa ƙarshe, ma'aikatun gwamnati kan duƙufa wajen tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa, mu ma a wannan reshe mukan tattara buƙatun malamai domin miƙa su ga waɗanda abin ya rataya a wuyansu. Buƙatun sanannu ne: albashi a kan kari, ƙarin girma da kuɗin da ke biye da shi, haƙƙin waɗanda suka yi ritaya, azuzuwa da kujeru da kayan koyarwa. Ba mu janye ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma a bana muna ganin ya wajaba mu ƙara wata buƙata wadda ta daɗe ba ta da mai magana da yawunta, wato ɗakunan karatu na jama'a da hukumar da aka ɗora wa kula da su a jiha. Matsayinmu shi ne, laburaren jama'a amana ce a wuyan gwamnatin jiha, kuma amanar tana zaune ne kan duwatsu uku kamar tukunya a murhu: sa ido, da kuɗi, da tallafi. In aka zare dutse ɗaya, tukunyar kifewa za ta yi.

Wani zai ce, ina ruwan malamin makaranta da laburare? Ruwansa kuwa da tsaki. Aikinmu na farko a firamare shi ne mu koya wa yaro ya haɗa baƙi da wasali har ya karanta jimla ya fahimce ta. Kowane malami ya san wahalar da ke cikin wannan, musamman a ajin da ya cika ya batse. To, bayan an sha wannan wahala, me yaron zai karanta? Karatu kamar fartanya yake, in ana noma da ita sai ta yi ta ƙyalli, in aka jingine ta a zaure tsatsa ta cinye ta. Ɗan mai hali yana da littattafai a gida, ana kuma saya masa wasu duk hutu. Ɗan talaka ba shi da komai sai littafin darasi, shi ma sau da yawa tarayya yake yi da abokan zamansa a benci. Idan hutu ya zo, sai ya yi makonni idonsa bai sauka a kan rubutu ba, ya dawo mana wani abin da ya iya ya zube. Haka nan dattijon da ya yi ajin yaƙi da jahilci, da matar auren da ta bar makaranta a aji uku na sakandare. Mu kanmu malamai, mai shirya darasi da mai ƙaro ilimi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ko ta buɗaɗɗiyar jami'a, duk muna buƙatar inda za mu sami littafin da albashi ba zai iya saya ba. Laburaren jama'a shi ne wurin da gumin malami yake samun ci gaba bayan an tashi daga makaranta.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin En'e akwai ɗakunan karatu a manyan garuruwan Arewa, inda mutum kan zauna ya duba jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da 'yan littattafan da ake da su. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, kuma wani muhimmin aikinsa shi ne aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e, a karanta, a mayar, a kawo wasu. A shekarun nan ne kuma aka ƙaddamar da gangamin yaƙi da jahilci, aka kafa hukumar NORLA a Zariya domin samar da abin karantawa cikin Hausa da sauran harsunan Arewa. Magabatan nan sun fahimci cewa koya wa mutum karatu ba tare da tanadar masa abin karantawa ba kamar haƙa rijiya ne a ƙi saka mata guga. Tsarin nasu yana da nakasa iri-iri, littattafan ba su da yawa, masu kula da ɗakunan kuma galibi ba su sami horo ba. Duk da haka akwai abu ɗaya da suka daidaita: cibiya tana saye tana rarrabawa, reshe yana karɓa yana hidima, kowa ya san aikinsa.

A 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Babban abin da taron ya tsayar shi ne, hidimar laburare ba ta ɗorewa sai an kafa ta da doka, domin doka ce kaɗai ke fayyace wanda ke da alhaki, ta kuma tabbatar da kuɗin tafiyarwa. Jihar Gabas ta yi saurin aiki da wannan shawara, ta yi dokar kafa hukumar laburare a 1955, aka gina babban laburare a Enugu, har da motar da ke yawo da littattafai. A nan Arewa, gwamnati ta gayyato wani masani daga Ostireliya mai suna F. A. Sharr, wanda ya ba da rahotonsa a 1963 kan buƙatun laburare na yankin, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare. Da aka raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, sai hidimar ta koma hannun jihohi. Yau jihohin Arewa 19 ne, kowace da gadon da ta ci da irin riƙon da ta yi masa. Wasu sun yi gine-gine na alfarma, kamar Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano. Abin tambaya shi ne, me ke cikin gine-ginen, kuma wa ke kaiwa ga mutumin ƙauye?

Dalilin da ya sa muke fuskantar gwamnatin jiha kai tsaye shi ne, idan aka duba tsarin ƙasar nan babu wani da zai ɗauki wannan kaya in ba ita ba. Laburaren Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1964 aka kuma sabunta ta a 1970, aikinsa taskace abin da aka wallafa ne. Dokarsa ta wajabta wa mai wallafa ya ajiye kwafi 3, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. Wurin bincike ne, ba a kafa shi don ara wa ɗan firamare littafin labari ya tafi da shi gida ba. Shi kansa ginin hedikwatarsa a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya shafe fiye da shekara 15 ba a kammala ba. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 ya shafi dukkan matakan ilimi, amma dokar 2011 da ta mayar da shi TETFund ta taƙaita shi ga manyan makarantu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuwa makarantun firamare da ƙaramar sakandare ta fuskanta. Ƙananan hukumomi, ko da hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 ya ba su ikon karɓar kuɗinsu kai tsaye, ba su da ƙwararrun da za su zaɓi littattafai, su tsara su, su horar da ma'aikata. Manufar ilimi ta ƙasa ta faɗi ƙarara cewa jihohi da ƙananan hukumomi su kafa ɗakunan karatu na jama'a su kuma ƙarfafa ɗabi'ar karatu. Tsakanin waɗannan biyu, jiha ce babba, ita ke da majalisar yin doka, ita ke da baitulmali mai ƙarfi. In ta yi sakaci, babu na biyu.

Duk wanda ya zagaya ɗakunan karatu na jama'a a jihohinmu ya san halin da yawancinsu ke ciki, gani kuwa ya kori ji. Kantoci cike da littattafan da aka saya shekaru aru-aru, na kimiyya da na lissafi waɗanda manhaja ta daɗe da wuce su. Rufi yana yoyo da damina, gara tana aikinta a ɓoye, ƙurar hunturu tana kwanciya a kan abin da ya rage. Sashen yara, inda akwai shi, shi ne ya fi talauci. Idan lokacin jarrabawa ya ƙarato za ka ga wurin ya cika da ɗalibai, amma kowa da takardunsa ya zo, inuwa da kujera da shiru kawai yake nema. Wannan kansa shaida ce cewa buƙatar tana nan da ranta. Ba ma ɗora laifin a kan ma'aikatan da ke wurin, domin mun san irin halin da mai aiki ke shiga idan aka ba shi ofis aka hana shi kayan aiki, mu ma da alli da allo muke fama. Ruwa ba ya tsami banza. Lalacewar laburare tana farawa ne daga ranar da aka daina sayen sabon littafi kuma babu wanda aka tambaya dalili.

Dutse na farko shi ne sa ido. Abin da muke nufi ya wuce ziyarar bazata da babban jami'i kan kai tare da masu ɗaukar hoto. Muna nufin a sake duba dokar da ta kafa hukumar laburare ta jiha, a daidaita ta da zamani, a fayyace a cikinta mafi ƙarancin hidimar da kowace ƙaramar hukuma ta cancanta: reshe aƙalla ɗaya, awannin buɗewa, adadin ƙwararrun ma'aikata, da kason sababbin littattafan da za a riƙa ƙarawa duk shekara. Muna nufin a naɗa majalisar gudanarwar hukumar a kan lokaci, a zuba mata mutanen da suka san aikin, da wakilin malamai, da na marubuta, da na mata, da na masu buƙata ta musamman, kada ta zama wurin sallamar waɗanda suka yi hidimar zaɓe. Muna nufin kuma hukumar ta riƙa fitar da rahoton shekara wanda kowa zai iya karantawa: mutum nawa suka yi rajista, littafi nawa aka ara, nawa aka saya, nawa aka cire saboda tsufa, kwana nawa kowane reshe ya buɗe, yara nawa suka shigo, mata nawa. Mu malamai ana auna mu da rajistar aji da kundin darasi da sakamakon jarrabawa, sufeto yana zuwa ya duba. Babu dalilin da zai sa hidimar da ake yi da kuɗin jama'a ta zauna ba ma'auni. Abin da ba a ƙidaya shi, ɓacewarsa ba ta tayar wa kowa hankali.

A nan Majalisar Dokoki ta jiha tana da rawar da babu mai taka mata. Sashe na 128 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta ikon bincikar yadda ake aiwatar da dokokin da ta yi da yadda ake kashe kuɗin da ta amince da su. Sashe na 125 kuma ya tanadi babban mai binciken kuɗi na jiha wanda ke miƙa rahotonsa gare ta. Muna roƙon kwamitin ilimi na majalisa da ya sanya hukumar laburare cikin jerin hukumomin da yake kira duk shekara, ya kuma fita ya ga rassan da idonsa, har da na nesa da babban birni. Kowane ɗan majalisa yana da mazaɓa. Ya dace ya iya amsa tambaya mai sauƙi: ina laburaren mazaɓarka, kuma yaushe rabon da sabon littafi ya shiga cikinsa?

Dutse na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan ne ake yawan rufe wa jama'a ido. Kasafin kowace hukuma kashi uku ne: albashin ma'aikata, kuɗin gudanarwa na yau da kullum, da na manyan ayyuka. Albashi yakan fita, domin in bai fita ba za a ji kuka. Manyan ayyuka sukan samu shiga idan akwai gini ko fenti, domin gini ana ganinsa, ana yanka masa kyalle. Amma sayen littattafai da biyan kuɗin jaridu da mujallu da wutar lantarki da gyaran ɗaurin littafi, su ne kan maƙale a tsakiya. Sai a rubuta adadi mai daɗin ji a kasafi, gwamna ya sa hannu, shekara ta ƙare ba a saki ko rabinsa ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Saboda haka ba za mu auna kishin gwamnati da abin da aka rubuta a watan Disamba ba, za mu auna shi da abin da aka saki kafin wata Disambar. Jihohi yanzu suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a shafukansu na intanet, kuma layin hukumar laburare yana ciki ga mai son dubawa. Buƙatarmu ita ce a ware wa sayen littattafai layi nasa na kansa, a ɗauke shi a matsayin kuɗin da ake kashewa kowace shekara kamar maganin asibiti, a riƙa sakinsa kashi-kashi cikin shekara, a kuma hana karkatar da shi zuwa sayen mota ko gyaran ofis. Laburaren da ya shekara biyar bai sayi littafi ba ya zama gidan ajiyar kayan tarihi, ko da fentinsa sabo ne.

Wasu ƙasashe masu tsarin tarayya irin namu sun daɗe da samo dabarar kare wannan kuɗi daga sauyin ra'ayin masu mulki. A Indiya, dokar ɗakunan karatu ta Madras ta 1948 ta ɗora wani ɗan ƙari a kan harajin gidaje, wanda ake tarawa don laburare kaɗai, gwamnatin jiha kuma ta ƙara nata a kai. A Amurka, kowace jiha tana da hukumar laburare wadda ke karɓar tallafin tarayya, amma sai ta gabatar da shirin aiki na shekara biyar, ta zuba nata kason, kuma in ta rage abin da ta saba kashewa tallafin ma sai a rage mata. Ba mu ce a kwafo ɗayansu baki ɗaya ba, kuma ba ma kiran a ƙara wa talaka haraji. Darasin da ke ciki shi ne a ɗaure kuɗin da doka. Majalisa tana iya tsayar da wani kaso na kasafin ilimi na jiha ya zama na ɗakunan karatu, ta kuma kafa tsarin haɗin gwiwa da ƙananan hukumomi: wadda ta samar da ɗaki da mai gadi da wuta, jiha ta ba ta littattafai da ƙwararren ma'aikaci. Irin wannan tsari mun san shi a harkar ilimin bai-ɗaya, inda doka ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun tarayya, jiha kuma ba ta ɗiba sai ta ajiye nata. Mun kuma san yadda jihohi da dama suka bar biliyoyin naira a hannun UBEC don sun kasa kawo kasonsu. Idan aka ɗebo wannan kuɗi aka gyara ɗakunan karatu na makarantu, hukumar laburare ta jiha ita ta fi dacewa ta ba da shawara kan abin da za a zuba a cikinsu.

Dutse na uku shi ne tallafi, wato hidimar da cibiya ke yi wa rassa da makarantu. Farkonsa mutane. Aikin laburare sana'a ce mai horo da rajista, tana da majalisar da aka kafa da doka a 1995 don yi wa masu ita rajista, kamar yadda mu ma muke da tamu. Jami'o'i da kwalejojinmu suna yaye masu wannan ilimi kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki, alhali tsofaffin ma'aikata suna ritaya ba a maye gurbinsu. A ɗauki matasan nan, a tura su rassa. Na biyu, a dawo da akwatin littattafai. Abin da aka iya yi a shekarun 1950 da motocin wancan zamani da hanyoyin burji ba zai gagari jiha ba yau. Akwati mai ɗauke da littattafai daidai da shekarun yara, a kai makaranta farkon zango, a musanya shi da wani a zango na gaba, zai kai littafi inda gini ba zai kai ba nan da shekara ashirin. Na uku, a sayi littattafan Hausa da na sauran harsunan jiha, da na Larabci da ajami, a hannun marubuta da maɗaba'o'inmu na gida. Yaro ya fi saurin kamuwa da son karatu cikin harshen da yake mafarki da shi, kuma sayen da gwamnati za ta riƙa yi zai raya kasuwar littafi. Na huɗu, a gyara lokacin buɗewa. Laburaren da ke buɗewa lokacin da yara ke aji, ya rufe lokacin da suka taso, an yi shi ne don wa? A buɗe da yamma da ranakun ƙarshen mako, a keɓe wa mata wuri da lokacin da iyaye da mazaje za su natsu da shi, a tanadi littattafan makafi da hanyar shigar masu keken guragu.

Mun san akwai daga cikin 'yan'uwanmu malamai waɗanda za su ce, ana fama da aiwatar da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ga bashin ƙarin girma, ga azuzuwan da ba rufi, ina ake ta laburare? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, buƙatun biyu ba kishiyoyin juna ba ne. Kuɗin da zai wadatar da rassan laburare da sababbin littattafai a shekara ƙanƙane ne idan aka kwatanta shi da abin da ake kashewa a kan gadar sama guda ko ayarin motocin manyan jami'ai. Ba daga aljihun malami za a cire shi ba. Bugu da ƙari, idan sakamakon jarrabawa ya fito da muni, wa ake fara nunawa da yatsa? Malami. Ba a tambayar ko yaron ya taɓa karanta littafi guda daga farko zuwa ƙarshe a rayuwarsa. Neman laburare kare mutuncin sana'armu ne, domin yaron da ke karatu a wajen aji ya fi sauƙin koyarwa a cikin aji.

Akwai kuma masu cewa mutanenmu ba sa karatu, don haka asarar kuɗi ce. Tarihi bai goyi bayansu ba. Ƙasar da ta fitar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, waɗanda suka bar rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ƙasar da malamanta ke gadon littattafai kaka da kakanni, ba za a ce ba ta san darajar littafi ba. A shekarun 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, shagunan hayar littattafai sun cika unguwanni, 'yan mata da matan aure suna biyan kuɗinsu su karanta su mayar. Yau ma ana karanta ƙagaggun labarai na Hausa a waya dare da rana. Jama'a suna karanta abin da ya zo hannunsu cikin harshen da suke ji. Wasu kuma suna cewa waya ta maye gurbin laburare. Waya tana buƙatar kuɗin data da caji, kuma abin da ke cikinta gauraye yake, tsaba da tsakuwa, ba mai tacewa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai ɗaliban karkara da ba sa taɓa kwamfuta sai ana gab da jarrabawar. Reshen laburare mai wutar sola da 'yan kwamfutoci da intanet da ma'aikacin da zai nuna wa yaro hanya zai share wa irin waɗannan hawaye. Zamani ƙara wa laburare aiki ya yi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ga abin da muke kira ga mambobin wannan reshe su yi. Kowane wakilin makaranta ya ziyarci laburaren da ya fi kusa da shi cikin wannan zango, ya rubuta abin da ya gani ba ƙari ba ragi: yana buɗewa ko a rufe yake, ma'aikata nawa, akwai sashen yara, wace shekara aka buga littafi mafi sabunta a kan kanta. Inda babu laburare sam, shi ma a rubuta. Za mu tattara bayanan mu miƙa su ga shugabannin ƙungiya na jiha, domin su shiga cikin takardar da za a gabatar lokacin jin ra'ayin jama'a kan kasafi. Kowane malami ya yanki katin zama mamba, ya kuma kai ajinsa ziyara ko sau ɗaya a shekara, domin wurin da ƙafa ke zuwa ba a saurin rufe shi. Mu nemi haɗin kai da ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, wadda ta kafu tun 1962, da ƙungiyoyin marubuta, da na iyaye da malamai, da kwamitocin kula da makarantu, da sarakunanmu da malaman addini. Attajiri ko tsohon ɗalibin da ke son ba da gudummawa, a nuna masa jerin littattafan da ake buƙata, kada a mayar da laburare juji na abin da wasu suka gaji da shi. Gudummawa ƙari ce, ba ta sauke wa gwamnati nauyinta.

Ga mai girma Gwamna, da Kwamishinan Ilimi, da 'yan Majalisar Dokoki, kiranmu a fili yake. A sabunta doka, a naɗa majalisar gudanarwa ta ƙwararru, a ware kuɗin littattafai a sake su, a ɗauki ma'aikata, a kai hidima ƙananan hukumomi, a fito da rahoto kowa ya gani. Sashe na 18 na Tsarin Mulki ya ɗora wa gwamnati ƙoƙarin kawar da jahilci, kuma kyan alkawari cikawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da ke aji uku a bana, nan da shekara tara ya gama sakandare, ko ya fito yana son karatu ko ya fito yana gudunsa. Wannan jarida za ta bi layin hukumar laburare a rahoton kasafi na kowane wata uku, ta kawo wa masu karatu abin da aka rubuta da abin da aka saki. In an yi abin yabo za mu yaba, in an yi shiru za mu tambaya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kuma sa 'ya'yanmu su amfana da ilimi.